Murhun da Norlene Ta Saya

Ranar Alhamis ce kaɗai Norlene Brashear take samun fita, ita ma daga ƙarfe goma zuwa sha biyu. A ranar ne Ardith, ƙanwar mijinta, take tuƙo mota daga San Saba ta zauna da shi. Cikin awa biyun nan Norlene take karɓo magani, ta yi cefanen mako, in lokaci ya ragu ta zauna a mota ta sha kofi kafin ta koma gida. Wannan Alhamis ɗin ba ta bi ta kantin magani ba. Kai tsaye ta wuce shagon kayan gona da ke kusa da gada, ta sami inuwa ta tsaya, ta kashe mota, ta daɗe riƙe da sitiyari ba ta fito ba.

Wata goma sha huɗu ke nan da mijinta Doyle ya faɗi a bakin garejinsa. Jininsa ne ya hau, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Mutumin da ya shekara talatin da biyar yana walda a bututun mai, wanda in ya yi dariya a bayan gida sai an ji a titi, yanzu abu uku suka rage masa a baki: "to", da "a'a", da "ɗan banza". Su ɗin ma ba kullum suke faɗawa inda yake nufi ba. Wani lokaci sai ya ce "to" yana girgiza kai. Da fasto ya zo duba shi a makon farko, ya riƙe masa hannu ya yi doguwar addu'a, Doyle ya dube shi ido cike da ƙwalla ya ce masa ɗan banza. Fasto ya yi dariya ya ce ya gane abin da ake nufi. Bai sake leƙowa ba sai da Kirsimeti.

Kafin ciwon, a nan Llano kowa ya san Asabar ɗin gidan Brashear. Doyle da hannunsa ya ƙera murhun gashinsa daga wani tsohon tankin gas, dogo kamar kwalekwale, a kan tayoyi biyu, da ɗakin wuta a gefe da bututun hayaƙi wanda ya fi mutum tsayi. Tun asuba yake hura itacen wata bishiyar ƙaya da ake kira meskit, ya jera ƙirjin saniya da haƙarƙari, ya ja kujera ya zauna. Ba ya gayyatar kowa. Hayaƙin ne yake bi ta kan rufin gidaje, kafin azahar ka ga motoci sun jeru a gefen titi, wannan da giya a kula, waccan da tukunyar wake. Norlene tana kicin tana yanka albasa tana mita an cika mata gida da tsofaffi marasa aikin yi. Shekara talatin da takwas suna tare, ba ta taɓa sa ko itace ɗaya a murhun ba. Ba a bari ma.

Da ya kwanta, watan farko mutane sun yi ta zuwa da abinci a kwano. Wata na biyu ƙafa ta ragu. Norlene ba ta ga laifinsu sosai ba, don zama da Doyle yanzu aiki ne. Ka yi masa magana, ya buɗe baki, ka jira, ka ƙara jira, abin ya ƙi fitowa, ya daki hannun keken guragun da yake zaune a kai don haushi, kai kuma ka rasa inda za ka sa idonka.

Abin da ya fi damunta ramar da yake yi. Likita ta ce zai iya cin nama in ya yi laushi ƙwarai, a yanka shi ƙanana a jiƙa da romo. Ta dafa a tukunya, ya kau da kai. Ta sayo gasasshe a gari, ya tauna sau biyu ya turo shi waje da harshe. A watan Agusta ta yi ta maza ta hura murhunsa. Ashe wutar ba ta barin mutum ya matsa, duk rabin awa sai an ƙara itace, an buɗe nan an rufe can. Tana waje tana fama da hayaƙi a ido, ba ta san minti nawa ta yi ba. Da ta shiga ɗaki ta same shi a ƙasa tsakanin gado da keke, goshinsa ya fashe. Taga yake son kaiwa ya ga abin da take yi wa murhunsa. Ta kasa ɗaga shi, sai da ta kira 'yan kwana-kwana suka zo su biyu suka mayar da shi gado. Naman ranar karen maƙwabta ne ya ci.

Wannan ne ya kawo ta shagon.

A ƙarƙashin rumfar gaba aka jera murhunan gashi, guda bakwai, baƙaƙe, kowanne da akwati a gefe. Tana tsaye tana dubawa sai ga Ofelia Garza, matar mai shagon, ta fito tana goge hannu a wando. Sa'ar Norlene ce, 'ya'yansu sun yi makaranta ɗaya.

"Norlene, yau ke ce a wajenmu? Ya mai jiki?"

"Da sauƙi. Waɗannan na zo gani. Masu cin ƙwayar itacen nan."

Ofelia ta dube ta ta saman tabarau. "Doyle ya sani?"

"Doyle yana gida."

"A nan inda kike tsaye ya taɓa tsayawa, ya ɗebi ƙwayar a hannu ya ce wa mijina abincin zomaye muke sayarwa. Ya ce duk namijin da ya sayi wannan murhu, mu haɗa masa da siket kyauta."

"To ga mai siket ɗin ta zo da nata," in ji Norlene.

Ofelia ta yi dariya har da dafa murfin ɗaya daga ciki. Norlene ta ji wani iri. Ta manta rabon da ta faɗi magana wani ya yi dariya.

Ofelia ta buɗe akwatin gefe ta ɗebo ƙwayar ta zuba mata a tafi. Dusar itace ce aka matse ta zama ƙanana-ƙanana, santsi gare su, suna ƙamshin katako sabon yanka.

"Nan za ki zuba ta. Ki jona wa lantarki, ki murɗa wannan ki sa zafin da kike so. A ƙasa akwai ƙarfe mai murɗawa irin na injin niƙa nama, shi yake tura ƙwayar kaɗan-kaɗan zuwa wani ɗan kasko, a nan take ci da wuta, fanka tana hura mata. In zafi ya yi ƙasa ya ƙara da kansa, in ya yi yawa ya rage. Naki kawai ki sa nama ki rufe. Abu biyu zan ja miki kunne: kar ruwa ya taɓa ƙwayar, kumbura take yi ta toshe komai. Sannan ki riƙa kwashe toka."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Shi ya sa maza suke jin haushinsa. Mutum nawa za ki riƙa ciyarwa?"

Norlene ta kalli na ƙarshen layi, babban, mai murfi biyu. Ƙirjin saniya huɗu za su kwanta a ciki ba tare da sun taɓa juna ba. Ta hango bayan gidanta cike da kujeru.

"Ya danganta," ta ce.

Ofelia ba ta matsa mata ba. Ta ce, "Tura shi mu gani."

Norlene ta kama hannun ta tura. Ya motsa kamar taki ɗaya ya tsaya, bayanta ya amsa. Da ma bayan ya daɗe yana ciwo saboda ɗaga Doyle safe da yamma.

"Kin gani. Kuma ci gare shi, ko cinyar kaza biyu za ki gasa sai ya zafafa cikinsa duka. Wannan na masu taro ne."

Suka koma wajen ƙaramin, wanda ake ɗora wa a kan tebur. Norlene ta buɗe ta rufe. Faranti biyu za su cika shi. Ta ji ba za ta iya ɗaukar wannan ta kai gida ta ajiye shi kusa da na Doyle ba, kowa ya gani ya san yadda gidan ya koma.

Na tsakiya guda uku ne. Ta ƙwanƙwasa murfin na farko da bayan yatsa, yadda ta sha ganin mijinta yana yi wa kowane ƙarfe da ya gamu da shi, har motar mutane. Ya yi ƙara kamar gwangwani. Ta sunkuya ta duba inda aka haɗa ƙafafun, ta bi ɗinkin waldar da yatsa.

"Wannan ai kashin tsuntsu ne, ba walda ba."

"Matar mai walda," in ji Ofelia. "Shi ne mai arha. Ban ce ki saya ba."

Na biyu ƙarfensa ya fi kauri, murfin da nauyi, in ya rufe ba ya barin kafa. Na uku kamarsa ne, sai dai Ofelia ta ce yana magana da waya. Akwai tsinken ƙarfe da ake soka wa naman, shi zai riƙa aiko da zafin cikinsa, in wuta ta mutu ko ƙwaya ta ƙare waya ta yi ƙara. Norlene ta taɓe baki, tana shirin cewa ita ba yarinya ba ce. Sai ta tsaya.

"Ko ina banɗaki ina yi masa wanka zan ji?"

"Ko kina coci."

"Ba sai na fita na duba ba."

"Ba sai kin fita ba."

Ta sake ɗora hannu a murfin, ta bar shi a nan. Ofelia ta rage murya.

"Ba zan ɓoye miki ba, hayaƙinsa bai kai na itace ba. Siriri ne, da ƙyar ake ganinsa. Naman zai yi laushi, zai yi daɗi, amma wanda bakinsa ya saba da na Doyle zai gane."

"Na ji. Shi nake so."

Suna wajen buhunan ƙwaya, Ofelia tana nuna mata na meskit da na bishiyar pikan da na itacen tuffa, Norlene ta hango wata malafa da ta sani a bayan tarin masarar da mafarauta suke zuba wa barewa. Hollis Teague ne, abokin Doyle tun suna sakandare, wanda duk Asabar shi yake fara zuwa kuma shi yake tashi ƙarshe. Rabonsa da gidan tun Ista. Ya ga ta gan shi, ya cire malafar ya taho.

"Norlene. Kullum ina cewa zan shigo, wallahi. Ya tsohon?"

"Yana nan inda ka bar shi."

Ya haɗiye wannan. Ya dubi buhun da ke gabanta, ya dubi rumfar waje, ya gane.

"Kar dai ki ce min. Ai in tsohon nan ya ga wannan abu a gidansa, haushi kaɗai zai sa ya miƙe ya taka da ƙafarsa."

"Da ma ya miƙe."

Hollis ya juya malafar a hannu. Kunnuwansa sun yi ja. Norlene ta ji tausayinsa, ta kuma ji haushin kanta da ta ji tausayin.

"Asabar ta sama zan gasa ƙirji," ta ce. "In kana gari."

"Ina gari. Zan zo. Zan gaya wa su Dub ma, duk za mu zo."

Ta ɗauki buhun meskit, don shi Doyle ya sani. Ta ƙara da na pikan guda ɗaya. Ita a bakinta meskit ɗaci yake yi, duk shekarun nan, ba ta dai taɓa faɗa ba.

Da ta koma gida sha biyu ta gota da minti goma, Ardith tana tsaye a baranda da jaka a kafaɗa. Ta ga buhunan a bayan mota.

"Me ye wannan kuma?"

Norlene ta gaya mata.

"Kin gaya wa Yaya?"

"Zai gani."

"Ni dai ba ruwana. Ya ci rabin ayaba, ya ƙi madara. Na canza masa riga." Ta shiga motarta ta tafi.

Ranar Litinin mijin Ofelia ya kawo murhun a akori-kura, a haɗe, ya gangaro da shi ya ajiye a gefen baranda inda soket yake. Doyle yana bakin taga a kekensa. Ya kalli abin tun daga saukewa har mutumin ya tafi. Da Norlene ta shigo ya ce, "A'a." Ya sake cewa, "A'a. A'a." Wannan karon ba ta yi shakkar abin da yake nufi ba.

Ta durƙusa a gabansa ta gyara masa ƙafar da ta zame daga matakin keken.

"Ba zan iya naka ba, Doyle. Na gwada, ka san abin da ya faru. Wandonka duk sun yi maka yawa. Me kake so in yi?"

Ya rufe ido. Abincin yamma ko cokali ɗaya bai karɓa ba. Ta kira 'yarsu Charlsie a Denver don ta sami wanda za ta gaya wa. Charlsie tana tuƙi, ta ce, "Kin kyauta, Mama, ki turo min hoto. Zan kira ki anjima." Norlene ta fita ta ɗauki hoton ta tura. Aka aiko mata da alamar babban yatsa.

Ranar Laraba ta kunna shi ba komai a ciki, yadda takardar ta ce, don warin sabon fenti ya fita. Ranar Juma'a ta aika aka kawo mata rabin ƙirji daga wajen mahauci.

Asabar gari na wayewa ta fito da naman. Gishiri da masoro kawai, ta shafe ko'ina, ta bar kitsen a sama. Wannan kam ta sani, ta gani ya fi sau dubu. Ta zuba meskit, ta sa zafin a ɗari biyu da hamsin, ta soka tsinken, ta rufe. Murhun ya tofar da farin hayaƙi na ɗan lokaci, daga nan ya koma wani siririn abu mai shuɗi-shuɗi wanda ko shingen gidan bai kai ba iska ta watsa shi. Fanka tana ta ƙugi a hankali kamar firji. Ta tsaya da hannu a aljihu. Babu abin da ya rage ta yi.

Ta shiga ta yi wa Doyle wanka, wayar tana kan wurin wanke hannu tana nuna mata lambar zafin cikin naman. Ta aske masa gemu, ta sa masa rigarsa mai maɓallan ƙarfe. Wajen ƙarfe goma ta turo shi baranda. Ya juya fuskarsa wajen shinge ya bar ta a can. Ita kuma ta ɗora wake, ta yanka albasa, ta fito da kujerun ƙarfe masu naɗewa daga gareji. Guda takwas ta wanke ta jera a ƙarƙashin bishiya.

Da rana ta take, lambar ta tsaya a ɗari da sittin da biyar. Rabin awa ba ta motsa ba. Awa guda, tana nan. Norlene ta duba ƙwaya, akwai. Ta duba soket. Ta kashe wayar ta kunna. Ta ce a ranta an sayar mata da lalatacce. Ta kai hannu za ta murɗa zafin zuwa sama, sai ta ji an daki hannun keke a bayanta.

Doyle ya juyo. Yana kallonta sosai.

"A'a."

"Ya tsaya, Doyle. Awa guda ke nan."

Ya ɗaga hannun hagu ya nuna gareji. Ta ce, "Itace?" Ya girgiza kai. "Murhunka?" Ya daki keken. Ya shimfiɗa tafinsa a cinya, ya yi kamar yana naɗe wani abu, ya sake yi, bakinsa yana motsi ba sauti, jijiyar wuyansa ta tashi. Ta bi hannun da ido har sau uku kafin ta tuna da jar takardar mahauta da yake ajiyewa a saman kabad ɗin gareji. Ta taɓa ganin yana naɗe naman da ita da rana, ba ta taɓa tambayar dalili ba.

Ta hau kujera ta sauko da ita, ta kakkaɓe ƙura, ta yage na saman. Ta ciro naman da tawul biyu ta ɗora a tebur a gabansa. Ya yi baƙi-baƙi, yana tsiyayar mai. Doyle ya miƙa yatsa ya danna gefensa, ya kai yatsan hanci. Ta naɗe, ya ce a'a. Ta warware ta ƙara matsewa, ta lanƙwasa bakin takardar ƙasa. Wannan karon bai hana ba. Ta mayar ta rufe.

"Haka yake yi da ma? Ya tsaya?"

"To," in ji shi. Kansa ma ya ɗaga sama ya sauke.

Ta ja kujera ta zauna kusa da shi. Sun yi kamar minti ashirin a haka, lambar ta fara hawa ɗaya-ɗaya. Tana son ta ce wani abu, ta juya ta ga barci ya ɗauke shi, haɓarsa a ƙirji. Ta goge masa gefen baki.

Ƙarfe uku da rabi naman ya yi. Tsinken ya shige shi ba tare da ta danna ba. Ta sauke ta lulluɓe da tawul ta sa a kula ya huta. Duk motar da ta shigo layin sai ta ɗaga kai.

Hollis ya zo ƙarfe huɗu da kwata, shi kaɗai. Ya ce Dub ya tafi kai jikarsa wasan ƙwallo, sauran kuma bai same su a waya ba. Ya dubi kujerun, ya zauna a ta bakin layi, a gefe-gefe. Sai ya tashi ya je gaban Doyle ya sunkuya.

"Tsoho, ka gane ni? Hollis ne," ya faɗa da ƙarfi, yana rarraba kalmomin.

"Kunnensa lafiya lau," in ji Norlene. "Yana jin komai."

"Ɗan banza," in ji Doyle.

Hollis ya yi dariya, dariyar gaske, ya ce, "Yawwa, yanzu na san kai ne." Ya ba shi labarin wata barewa da ta shiga gonarsa, da rijiyarsa da ta ƙafe. Doyle yana kallon bakinsa. Labarin ya ƙare, ba wanda zai karɓa. Hollis ya dubi agogo, ya dubi takalminsa.

Norlene ta yanka naman. Wuƙar ta ratsa shi ba gardama. Ta zuba wa Hollis da wake da albasa da yankan burodi. Ya ci a tsaye, ya gyaɗa kai.

"Ya yi laushi. Gaskiya ya yi laushi, Norlene."

Ta jira ya ƙara wani abu, bai ƙara ba. Ya taka zuwa wajen tsohon murhun, ya shafa jikinsa, ya buɗe ɗakin wutar ya leƙa. Gizo-gizo ya yi saƙa a ciki, tsatsa ta fara cin ƙasan. Ya dawo yana goge hannu.

"Akwai maganar da nake so in yi, ban san yadda za ku ɗauke ta ba. 'Yan kwana-kwana za su yi cin abincinsu na shekara a watan Nuwamba, murhunsu ya huje. Na ce musu duk ƙasar nan babu kamar na Doyle. Ƙarfe in ya zauna lalacewa yake yi. Da za ku ba su, su riƙa amfani da shi, a rubuta sunansa a jiki."

Norlene yake kallo. Ita kuma ta kalli mijinta. Idon Doyle yana kan murhun.

"To," ya ce. Kansa bai motsa ba, ko sama ko gefe.

"Kin ji, ya yarda," in ji Hollis.

"Ba yau ba, Hollis."

"A'a, ba gaggawa. Ku yi shawara."

Ta naɗe masa nama ya kai wa matarsa. Ya dafa kafaɗar Doyle, ya ce zai dawo cikin mako. Duka-duka bai cika minti arba'in ba.

Ta yanka na Doyle ƙanana, ta jiƙa da man da ya taru a takardar. Ya buɗe baki ya karɓi cokalin farko, ya daɗe yana juya shi. Ya haɗiye. Ya karɓi na biyu, har na biyar. A na shida ya rufe baki ya kau da kai. Ba ta san ko ƙoshi ya yi ba, ko gajiya, ko kuwa ɗanɗanon ne bai kai ba. Ta tura shi ciki ta kwantar da shi. Ta dawo ta zauna a matakalar baranda da farantinta a cinya, ta ci. Rana tana nan da sauranta, wani yana yankan ciyawa can ƙasan layi. Da ta gama ta naɗe kujerun ta mayar gareji bibbiyu.

Makonni uku ta yi tana tambayarsa ko a ba da tsohon murhun. Ta tambaye shi da safe lokacin da kansa ya fi zama daidai. Ta rubuta "e" da "a'a" a takarda ta ce ya nuna, ran nan ya nuna wannan, washegari wancan, rana ta uku ya ture takardar ƙasa. Ardith ta ce in aka ba da murhun nan an kashe Yaya da ransa. Charlsie ta ce, "Duk yadda kika gani, Mama." A ƙarshe Norlene ta kira Hollis ta ce ya zo ya ɗauki murhun ranar Talata, ranar da take kai Doyle asibiti gashin ƙashi.

Da suka dawo da la'asar an riga an ja shi. Inda ya shekara ashirin yana tsaye ciyawa ta mutu, ƙasa ta fito fili, doguwa, da ramin tayoyi biyu da wani tsohon cokalin juya nama da ya faɗa ƙarƙashi tun ba a san yaushe ba. Ta so ta wuce da shi ciki kai tsaye, ya sa ƙafarsa mai lafiya a ƙasa ya tokare keken. Ta tsaya a bayansa, hannunta a kan mariƙin, ba ta ganin fuskarsa. Sun daɗe a nan. Ba ta zagayo ta duba ba.

Da ya ɗauke ƙafar ta tura shi ciki, ta ba shi maganin ƙarfe biyar, ta buɗe firji ta ciro cinyar kaza biyu ta sa a ruwa su saki.